Makankarin kogi ko tsuntsun teku: wanne za a fara ceto?

Malamin Kimiyya, Ali Ɗan Sofo:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai tambayar da nake so manya su tattauna, domin na lura duk wanda aka yi wa ita yakan amsa da sauri, sa'an nan in aka nemi dalilinsa sai ya fara kame-kame. Idan hukuma tana da kuɗin da zai isa aikin ceton halitta ɗaya tak, aka kuma ajiye mata guda biyu da ke bakin ƙarewa, wato makankarin kogi mai lu'ulu'u na ƙasashen arewa da tsuntsun teku na tsibiran Bamuda, a tekun Atlantika, da ake kira kahau, wanne ya kamata ta ɗauka?

Makankarin da nake nufi ɗan uwan wanda muka sani ne a tabkuna da gulaben ƙasarmu, mai ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa, sai dai shi wannan ba ya rayuwa sai cikin koguna masu sanyi, masu gudu, masu garau ɗin ruwa, irin na Sikotilan da Ailan da Nowe da Suwidin da arewa maso yammacin Rasha, da kuma gabashin Kanada da Amurka. Masana suna kiransa Margaritifera margaritifera. Tsawonsa yakan kai santimita 12 zuwa 15, yana wuce shekara 100 a raye, kuma a can ƙuryar arewa an samu waɗanda suka haura 200. A cikin ƙarni na 20 kaɗai, yawansa a tsakiyar Turai ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100.

Shi kuwa kahau, wanda masana ke kira Pterodroma cahow, kusan duk rayuwarsa a kan tekun Atlantika yake yin ta, ba ya sauka tudu sai domin haihuwa, kuma ko a lokacin ma sai da dare. Buɗin fikafikansa kusan santimita 90 ne. A cikin rami yake sheƙa, macen tana yin ƙwai ɗaya tak a shekara, kuma a duk duniya babu inda yake haihuwa sai wasu ƴan tsibirai na Bamuda. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa su biyun a aji ɗaya na halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa. To bismilla.

Ɗalibar Jami'a, Zariya:

Wa alaikumus salam Malam. Da izinin iyayena da ke nan, ni makankari zan ɗauka, kuma dalilina yana cikin yadda yake haihuwa. Namijin yana sakin ruwan haihuwarsa cikin kogi, macen ta zuƙe shi tare da ruwan da take tacewa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe a cikin jikinta. Tsakanin Yuli da Satumba sai ta feso ƴaƴa daga miliyan 1 zuwa miliyan 4, kowannensu bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Kowane ɗa yana da ƴan kwanaki kaɗan ya gamu da ƙaramin kifin salmon, wanda iyayensa ke hawowa kogi daga teku domin haihuwa, ko ɗan uwansa turawut, kifin ya shaƙe shi cikin ruwa, shi kuma ya dantse a jajayen ganyayyakin nan da kifi ke numfashi da su. In tarwaɗa ce ko wani kifi daban ya shaƙe shi, ya mutu ke nan. In ya dace, zai zauna a jikin kifin har wajen Mayu ko Yuni na shekara mai zuwa, sa'an nan ya saki ya faɗo. Wurin faɗuwar ma sai an dace, domin dole ya sauka kan tsakuwa mai tsabta wadda ruwa ke ratsawa ta ƙarƙashinta, ya nutse cikinta ya yi kamar shekara biyar a ɓoye, kuma ba zai fara haihuwa ba sai ya kai shekara 10 zuwa 15.

Saboda haka wanda ya ce zai ceci wannan halitta ya ɗauko wa kansa kogi sukutum. Sai ya tabbatar kifin yana iya hawowa daga teku ba tare da madatsar ruwa ta tare shi ba, sai ya hana laka da takin zamani gangarowa daga gonaki su toshe tsakuwar, sai ya bar itatuwan gaɓa su yi wa ruwan inuwa. Kuɗin da aka kashe a kansa ya gyara ruwan shan mutane, ya dawo da kifi, kuma makankarin da kansa ma'aikaci ne, tunda babba ɗaya yana iya tace lita 50 na ruwa a rana. Kuɗin da aka kashe a kan kahau kuwa, kahau kaɗai ya saya.

Tsohon Ma'aikacin Daji, Mokoyo:

Ƴata, Allah ya yi miki albarka, kin yi bayani mai kyau, amma abin da kika kawo a matsayin hujjarki shi ne ya sa ni ba zan zuba kuɗin a can ba. Na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, kuma abin da na gani shi ne aikin da ke buƙatar yardar manomi da makiyayi da mai kamfanin lantarki da magajin gari duk a lokaci guda, yawanci a takarda yake ƙarewa. Kuɗi kaɗan ana kai shi inda hannu zai iya kamawa. Ku saurari labarin kahau ku gani.

Kafin mutane su zauna a Bamuda tsuntsun nan yana da yawa ƙwarai. Matuƙan jiragen ruwan Sifen suka saki aladu a tsibiran a ƙarni na 16, aladun suka riƙa tone ramuka suna cinye ƙwai da ƴaƴa. Jirgin Ingilishi ya farfashe a can a 1609, aka kafa mazauni a 1612, ɓeraye da kyanwoyi da karnuka suka biyo baya, yunwa ta faɗa wa baƙin, suka dinga kama tsuntsun suna ci, ga shi ba ya gudun mutum. Zuwa shekarun 1620 aka daina ganinsa, aka ɗauka ya ƙare, kuma haka aka zauna har tsawon shekara 330. A 1951 ne wasu masana halittu biyu, Robert Cushman Murphy da Louis Mowbray, tare da wani yaro ɗan shekara 15 mai suna David Wingate, suka gano sauran a kan wasu ƴan duwatsu cikin teku. Da aka gama ƙidaya, miji da mata 18 ne kacal suka rage a duniya.

Yaron nan ya girma ya ba da rayuwarsa ga aikin, kuma ku dubi irin kayan da ya yi aikin da su. Akwai wani farin tsuntsu mai doguwar wutsiya da ke shiga ramin kahau ya kashe ɗan ya ƙwace ramin. Sai aka sassaƙa katako da ƙofa daidai jikin kahau, aka toshe bakin kowane rami da shi, mai gida ya wuce, ɗan ƙwace da ya fi shi kauri ya kasa. Duwatsun ba su da ƙasar da za a tona, sai aka gina ramuka na siminti, kowanne da doguwar hanya mai duhu da ɗaki a ƙarshe, da murfi a sama wanda ma'aikaci zai ɗaga ya duba ɗan tsuntsu ya auna shi ya mayar. Da guguwar Fabian ta 2003 ta nuna cewa teku na iya shanye duwatsun, Jeremy Madeiros, wanda ya gaji Wingate, ya fara kwashe ƴaƴan kafin su yi fiffike yana kai su tsibirin Nonsuch mai tudu. Ana ɗura musu kifi da hannu har su ƙosa, domin ɗan kahau yakan riƙa fitowa bakin rami da dare kafin ya tashi, kuma wurin da ya gani a waɗannan darare shi ne zai dawo wa bayan shekara uku zuwa biyar a teku. Daga 2004 zuwa 2008 an kai ƴaƴa 105, a 2009 aka ƙyanƙyashe ɗan fari a Nonsuch, yau kuwa ma'auratan sun haura 150. Katako da siminti da haƙuri ne suka yi wannan. Ki nuna mini abin da katako da siminti za su yi wa kogi.

Ɗan Su, Madarunfa:

Gaisuwa ga malamai. Ni ban yi zurfi a lakwal ba, amma a cikin ruwa na tashi, kuma maganar makankari ta taɓa ni. A nan tabkinmu, in ruwa ya ja baya da bazara, mutum yana tafiya cikin taɓo zai ji abu mai santsi a ƙarƙashin tafin ƙafarsa, ya sa hannu ya zaro shi, baƙi a waje, ciki kuwa yana walƙiya. Yana tsaye ne a cikin lakar, gindinsa a ƙasa, bakinsa a ɗan buɗe a sama, kuma da inuwar hannunka ta faɗa kansa zai tsuke ya feso ɗan ruwa. Iyayenmu mata da ɓawonsa suke kankare ƙanzo a tukunya da cikin sabuwar ƙwarya, masu ginin tukwane kuma suna goge jikin tulu da shi. Namu ba ya jin tsoron laka kamar wannan na Turai, har ma yakan nutse cikinta ya rufe bakinsa ya jira damina in wurin ya bushe.

Abin da ban taɓa sani ba shi ne maganar kifi. Malam, shin namu ma sai ya hau kifi yake girma? Domin in haka ne, akwai abin dubawa. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, Gulbin Maradi ba ya kawo ruwa yadda dattawanmu suka saba gani, yashi kuma yana ta cike tabkin, kuma kowa ya san masu tarun sauro suna kwashe ƙananan kifaye tun ba su kai ko'ina ba.

Malamin Kimiyya, Ali Ɗan Sofo:

Haka ne ɗan uwa, manyan makankaran ruwan daɗi na Afirka ma ƴaƴansu a jikin kifi suke fara rayuwa, duk da cewa danginsu daban ne da na Turai kuma siffar ƴaƴan ta bambanta. Saboda haka abin da ya taɓa ƙananan kifaye ya taɓa su.

Hajiya, Sabon Gari:

Malam, ni ƴar kasuwa ce, lissafi na sani. Na ji an ce tsuntsun nan ma'aurata ɗari da wani abu ne a duk duniya. Shi kuwa makankarin, in yana Sikotilan yana Nowe yana Rasha yana Kanada, ai ko an yi yaya ya kai miliyoyi. Ta yaya za a ɗora mai miliyoyi da mai ɗaruruwa a kan sikeli ɗaya a ce haɗarinsu ɗaya ne? A ganina ko tambayar ma ba ta tashi ba.

Malamin Kimiyya, Ali Ɗan Sofo:

Hajiya, tambayarki ita ce zuciyar maganar. Gaskiya ne akwai miliyoyinsa, musamman a Nowe da Rasha, da wasu kogunan Sikotilan. Amma a koguna da yawa na Jamus da Faransa da Ingila da Ailan, in mai bincike ya leƙa ƙasan ruwa zai ga makankarai a jere, in ya auna su sai ya tarar duk manya ne, masu shekara 50 ko 70 ko fiye, babu ƙarami ko ɗaya a cikinsu. Suna nan suna feso ƴaƴa kowace shekara, ƴaƴan ma suna iya samun kifi, amma da sun faɗo cikin tsakuwar da laka ta toshe sai su shaƙe su mutu, domin babban yana jure ruwan da ƙaramin ba zai jure ba. Irin wannan kogi yana iya yin shekara arba'in mutanen gari suna cewa makankarinsu na nan lafiya, alhali haihuwa ta tsaya tun zamanin iyayensu. Tsawon ran halittar ne yake ɓoye mutuwarta, kuma masu ƙidaya ta gaskiya ba sa tambayar guda nawa ne, suna tambayar kogi nawa ne har yanzu ake samun ƙanana a cikinsa, kuma waɗannan kogunan kaɗan ne.

Tsuntsayen teku ma suna da wannan hali. Akwai wata tsuntsuwa daga dangin albatiros a tsibirin Midwe da ke tekun Fasifik, wadda aka sa wa zobe a ƙafa a 1956, kuma a ƙarshen 2024 aka gan ta ta sake yin ƙwai tana da shekara 74 ko fiye. Tsuntsun da ke daɗewa haka, in ɓera yana cinye ɗansa duk shekara, za a ci gaba da ganin iyayen suna dawowa sheƙa shekaru da dama kafin a fahimci babu masu gadonsu. Bambancin shi ne kahau ana ɗaga murfi a ga ɗansa, shi kuwa ɗan makankari yana ƙarƙashin tsakuwa, ido ba ya ganinsa.

Tsohon Ma'aikacin Daji, Mokoyo:

Wannan na yarda da shi ba tare da gardama ba, domin mun gan shi a gonakinmu. A shekarun 1970 da farkon 1980, in ka bi hanyar Tasawa ko ta Dakoro za ka ga manyan gawo tsaye jefi-jefi, mai wucewa ya ce ai akwai itace, amma ƙarƙashinsu an sassabe komai ƙaf, babu ɗan gawo ko ɗaya da zai maye gurbin wanda ya faɗi. Sai da manoman jihar nan suka rungumi sassaben zamani, wanda wani masanin noma, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa a nan Maradi a 1983, suka riƙa barin tohon kututture suna gyara shi, sa'an nan ƙanana suka dawo, har ake ƙiyasta kadada miliyan 5 sun farfaɗo a ƙasar nan ta Nijar. Amma ku lura da abin da ya sa wannan ya yiwu: manomi ya ga itacen girki da abincin dabba da ƙarin hatsi a gonarsa ta kansa cikin ƴan shekaru. Manomin da ke saman kogi a Turai, in aka ce ya rage taki ya janye shanunsa daga gaɓa saboda wata halitta da ba zai ga ƴaƴanta ba sai bayan shekara goma, me zai samu? Har yanzu ina kan tsuntsu.

Ɗalibar Jami'a, Zariya:

Baba, ina neman afuwa, amma tsibirin ma ba a killace yake kamar yadda labarin ya nuna ba. A shekarun 1960, lokacin da Wingate ke tsaka da gina ramuka, ƙwayayen kahau suka riƙa lalacewa, kuma da aka bincika sai aka sami maganin ƙwari na DDT a cikinsu. Tsuntsun bai taɓa sauka a gona ba, maganin ne ya gangara daga gonakin nahiya ya bi koguna ya shiga teku ya taru a jikin abin da yake ci. An wallafa binciken a 1968, Amurka ta hana amfani da DDT a 1972, kuma ba katako ne ya magance wannan ba, doka ce da ta shafi manoma masu ɗimbin yawa. Ashe kahau ma ya dogara da abin da ake zubawa a kogi.

Sa'an nan ba kowane tsibiri ne ke ba da labari mai daɗi ba. A tsibirin Gof da ke kudancin Atlantika, ɓerayen gida da suka sauka daga jiragen mafarauta a ƙarni na 19 sun yi girma fiye da na ko'ina, sun kuma koyi cin ƴaƴan albatiros da ransu, suna gaigayar ɗan tsuntsun da ya fi su girma nesa ba kusa ba, dare bayan dare, har ya mutu. An ƙiyasta ana asarar ƙwai da ƴaƴan tsuntsaye kusan miliyan 2 a shekara. A 2021 aka yi amfani da jirage masu saukar ungulu aka watsa guba a duk tsibirin, aikin da ya ci miliyoyin fam, amma a Disamban shekarar kyamara ta ɗauki hoton ɓera da rai, kuma daga baya suka sake yaɗuwa. Wannan ma kuɗi ne da aka kai inda ake ganin hannu zai kama.

Tsohon Ma'aikacin Daji, Mokoyo:

Kin ambaci Gof, ni kuma zan ambaci Jojiya ta Kudu, tsibirin da ya fi shi girma sau da yawa, inda aka watsa guba tsakanin 2011 da 2015, aka bi da karnuka masu sansano ɓera, a 2018 aka tabbatar babu ɓera ko ɗaya, tsuntsaye suka dawo. Wanda ya faɗi a Gof zai iya sake shiri. Tambayata dai tana nan ƴata: kogi ɗaya nake so ki kawo mini inda aka kashe kuɗi, makankari ya koma haihuwa.

Ɗalibar Jami'a, Zariya:

Akwai shi Baba, kogin Luta a jihar Saksoni ta Ƙasa da ke arewacin Jamus. Makankaran da suka rage a can duk tsofaffi ne, kuma bincike ya nuna lallausan yashi da ke shigowa daga magudanun gonaki da dazuzzukan da aka shuka shi ne yake binne tsakuwar. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka fara sayen filayen da ke gaɓar kogin da rassansa, aka toshe wasu magudanai, aka haƙa ramukan tare yashi a bakin wasu, aka daina yashe ƙasan kogin da injuna. Ba a ga sakamako a shekarar farko ko ta biyar ba, amma daga baya ƙanana suka bayyana, kuma yawan makankaran ya ninka sau da dama, mafi yawansu matasa. Ƙaramin kogi ne, kuma an sayi ƙasar ne maimakon a tsaya roƙon masu ita, wannan kuwa ya amsa tambayar Baba game da abin da manomi zai samu: an biya shi.

Abin da ke damuna shi ne halittar da ba ta da fuska ba a yi mata kuka. A Arewacin Amurka akwai nau'in makankarin ruwan daɗi kusan 300, kuma wajen kashi 70 cikin 100 nasu suna cikin haɗari ko sun riga sun ƙare. A garin Muskatin da ke bakin kogin Misisifi, daga 1891 aka kafa sana'ar huda ɓawonsu ana yin maɓallan riga, har garin ya kai yana fitar da maɓalli biliyan 1.5 a shekara a farkon ƙarni na 20, sa'an nan madatsun ruwa da gurɓata suka ƙarasa abin da masu maɓalli suka bari. A Oktoban 2023 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta bayyana halittu 21 a matsayin waɗanda suka ƙare, 10 tsuntsaye ne, 8 makankarai. Hotunan tsuntsayen ne suka cika kafafen labarai.

Hajiya, Sabon Gari:

To na fahimci lissafin yanzu, jari ne ake ci ba riba. Amma ina maganar lu'ulu'un? Abin da ke da kuɗi a cikinsa ai mutane sukan kiwata shi, ba su bari ya ƙare.

Malamin Kimiyya, Ali Ɗan Sofo:

A nan lu'ulu'un ne ya jawo masa bala'i Hajiya, domin ba a kowane ɗaya ake samu ba, sai an fasa ɗaruruwa ko dubbai kafin a dace da mai daraja, kuma wanda aka fasa da wuƙa ya mutu. Tun zamanin Rumawa ake wannan farauta, har marubucin tarihi Suwetoniyus ya ce kwaɗayin lu'ulu'u yana cikin abin da ya ja shugaban Rumawa Yuliyus Kaisar zuwa Birtaniya. A 1967 wani mai wannan sana'a, Bill Abernethy, ya samo shahararren lu'ulu'u a kogin Tay na Sikotilan, kuma a 1998 aka haramta kamun makankarin gaba ɗaya a ƙasar, ko da yake har yanzu akan tarar da tarin ɓawo a gaɓa inda ɓarayi suka yi aiki. Kiwonsa don kasuwa ba ya biya saboda jinkirin girmansa. Masu kiwonsa a yau masu ceto ne, suna ɗora ƴaƴan a kan kifi cikin tankuna, su rene su shekaru har su wuce lokacin da laka ke kashe su, sa'an nan su mayar da su kogi. Wannan shi ne ramin siminti na makankari, Baba, sai dai in ba a gyara kogin ba, waɗanda aka mayar za su tsufa ne kawai a cikinsa kamar iyayensu.

Tunda ni na kawo tambayar, bari in faɗi nawa ra'ayin. Da a 1951 aka tambaye ni, da tsuntsu zan ba kuɗin ba tare da jinkiri ba, domin ma'aurata 18 guguwa ɗaya ko ɓeraye biyu sun isa su shafe su, kuma abin da ya ƙare ba ya dawowa. A yau kuwa kahau yana ƙaruwa, yana da masu tsaronsa, shi ne tsuntsun ƙasa na Bamuda, kuma haɗarin da ya rage masa, wato tashin teku da guguwa, an riga an san maganinsa na kusa, shi ne mayar da shi tudu. Saboda haka yau makankari zan ba, amma da sharaɗin Baba: ba za a barbaza kuɗin a koguna ashirin ba, za a zaɓi ƙaramin kogi ɗaya da har yanzu ke da kifinsa, a biya masu gonakin gaɓarsa, kuma kada a auna nasara da yawan makankaran da ake gani, a auna ta da ƙananan da aka tono.

Tsohon Ma'aikacin Daji, Mokoyo:

Sharaɗin ya yi, amma ka ƙara da cewa kuɗin ya zama na shekara ashirin. Ayyukan da na gani yawanci na shekara uku ne zuwa biyar, kuma a wannan lissafin ranar da za a rufe ofis ɗan makankarin farko bai ma leƙo daga tsakuwa ba, mai ba da kuɗi zai rubuta cewa aiki bai yi ba. Shi ya sa in kuɗin na ɗan lokaci ne, har gobe tsuntsu zan ba.

Ɗan Su, Madarunfa:

Malam, maganar tono ƙanana ta shige ni, domin mu manya kaɗai muke ɗauka, su ƙafa ke ji. In ana son a san ko namu yana haihuwa, lokacinsa shi ne Afrilu zuwa Mayu da ruwa ya ja, kuma ba da hannu za a lalubo ba, sai a ɗebi lakar da kwano a zuba cikin rariya a wanke a bakin ruwa, abin da ya rage a ware shi bisa girma. Wuraren ba ɗaya ba ne, gefen da ruwa ke shigowa yashi ne, can ciki kuwa baƙar laka ce, saboda haka sai an ɗiba a kowanne. In ɗalibar nan da abokan karatunta suna so, su fara neman izinin sarkin ruwa da na ma'aikatan daji, jirgi da rariya kuma mu za mu kawo, kuma duk wanda aka auna a mayar da shi inda aka ɗauko shi, gindinsa a ƙasa.